Jema, gamba ko itace: me za ka dasa idan kogi ya fara cin gonarka?

Mai gona a bakin kogi ya san lokacin da gaɓa ke faɗuwa. Ranar da ruwa ya cika ya batse, yawanci gaɓar tana nan tsaye. Sai ruwan ya fara janyewa, daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, sannan ka sauko da safe ka tarar kunya biyu ko uku sun tafi, ga wata tsaga a ƙasa tana nuna maka inda za a yanka gobe. Abin da ya faru shi ne ƙasar ta sha ruwa ta yi nauyi, ruwan kogin da ke tokare da ita ya sauka, gindinta kuma tuni igiyar ruwa ta rarake shi. Ba ta da abin dogara, sai ta zube. Haka ake gani a gulbin Rima, a kogin Hadeja, a Gongola, har ma a ƙananan rafukan da ba su da suna a taswira.

Kafin ka tambayi abin da za ka dasa, sauka cikin kogin da rani ka dubi gaɓarka daga ƙasa. Idan gonarka tana bayan lanƙwasa, wato inda ruwa ke zuwa ya daki gaɓa kafin ya juya, to kana wurin da ya fi wuya, domin nan ne ruwa ya fi gudu kuma ya fi zurfi. Wanda ke tsallake da kai, a cikin lanƙwasar, shi yashi ake tara masa kyauta. Idan kuma ka ga ƙananan kwazazzabai suna sauka daga gona zuwa kogi, to ruwan saman da ke gangarowa daga gonarka ne ke cin gaɓar, kuma wannan ya fi sauƙin magani. Ga kuma kofaton shanu a mashaya, ga masu haƙar yashi da ke kwashe gindin gaɓa da tifa. Kowane ɗayan waɗannan da abin da ya dace da shi. Ita kanta gaɓar kashi uku ce: gindi, wanda ke daɗewa cikin ruwa, ƙirji, wanda ruwa ke hawa ya sauka, da kuma baki, can sama inda gona ta fara. Babu tsiro guda da ke jin daɗin zama a duka ukun.

Dalilin da ya sa nake karkata ga tsirran gida ba kishin ƙasa ba ne. Da ɗan gari akan ci gari. Tsiron da ya saba da wata uku na ambaliya da wata bakwai na fari ba sai an koya masa ba, irinsa yana nan a fadamar da ke kusa da kai, kuma ba ka tsoron wata rana ya gagari kowa ya cinye kogin.

Idan aka ce in zaɓi abu guda, jema zan zaɓa. Jema dai ciyawar fadama ce da kowa ya sani, wadda mata ke jefa saiwarta cikin randa don ƙamshin ruwa, ake kuma saƙa da karanta. Abin da ya bambanta ta da sauran ciyayi yana ƙarƙashin ƙasa. Saiwarta ba ta bazuwa gefe, ƙasa take nufa kai tsaye, sirara masu yawan gaske kamar gashin doki, kuma a ƙasa mai kyau tana kai mita 3 har 4. Idan aka dasa ta a jere kusa da kusa, saiwoyin sukan sarƙe su zama kamar katanga a binne. A sama kuma karanta mai tauri ne, ba ya saurin kwantawa idan ruwa ya bi ta kansa, sai ya rage wa ruwan gudu, laka ta kwanta a bayan layin. Shekara biyu ko uku za ka ga ƙasa ta taru a bayansa kamar matakala. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, in ji Hausawa, kuma a nan maganar ta zauna daidai: an auna saiwar 'yar'uwarta ta Indiya aka samu ƙarfinta wajen jurewa ja ya kai kimanin kashi ɗaya cikin shida na ƙarfen rodi mai kauri irin nata, ga su kuma dubbai a gindi guda.

Tunda na ambaci Indiya, gara in fayyace, don malaman gona da masu kwangila sukan kawo irin can. Jema iri biyu ce a wannan harka. Akwai tamu ta Afirka ta Yamma, wadda masana ke kira Chrysopogon nigritanus, sunan ma daga yankin kogin Neja ya samo asali. Akwai kuma ta kudancin Indiya, Chrysopogon zizanioides, wadda Bankin Duniya ya yayata tun shekarun 1980 don hana zaizayar ƙasa, kuma a kanta aka yi mafi yawan gwaje-gwajen da ake ambato. Ta Indiya da ake rabawa ba ta yin iri mai tsirowa, inda ka dasa ta nan za ta tsaya. Tamu tana yin iri, amma a gidanta take, tun kaka da kakanni tana cikin fadamunmu ba ta kori kowa ba. Idan ta Indiya ta zo maka a sauƙaƙe daga wurin reno da ka amince da shi, ba laifi. Idan sai ka yi hayar mota ka ɗauko ta daga wata jiha alhali ga tamu a bayan gari, ka yi asarar kuɗin mai.

Aikin dashenta ne ke da cin rai. Ana tono tushe, a tsattsage shi, kowane dashe ya zama da toho biyu ko uku, a datse ganyen ya rage kamar santimita 20, a rage saiwar ita ma. Tazara tsakanin dashe da dashe santimita 10 zuwa 15 ce, wato faɗin tafin hannu. Lissafa da kanka: gaɓa mai tsawon mita 100 tana cin dashe 700 zuwa 1,000 a layi guda, kuma layi guda ba ya isa, sai uku ko fiye, suna bin kwancin gaɓar, da wasu gajerun layuka da ke gittawa daga sama zuwa ƙasa don su karya gudun ruwan da ke bin gefe. Dubu biyu zuwa uku ke nan a ƙalla. Wanda ya yi ƙyashi ya buɗa tazarar zuwa taku guda ya ɓata aikinsa, domin ruwa zai bi ta tsakanin tushen, ya ƙara gudu, ya haƙa rami a daidai inda ake son tsarewa. Shi ya sa mai dabara yakan ware ɗan fili a lambunsa ya reni jema shekara guda kafin ya taɓa gaɓa, maimakon ya je ya tuge ta fadama gaba ɗaya ya buɗe wata ɓarakar a can.

Tana da rauninta. Ba ta son inuwa ko kaɗan. Ka dasa ta ƙarƙashin mangwaro ka ga yadda za ta rame ta ɓace. Sabon dashe kuma jariri ne, idan ambaliya ta same shi kafin ya yi wata uku ko huɗu, tafiya za ta yi da shi. Amma idan ta kafu, tana jure nutsewa cikin ruwa na makonni, wuta ta cinye ta ta sake toho, dabbobi kuma ba su cika damuwa da tsohon ganyenta ba, sai dai ɗanyen toho.

Gamba ita ce wadda mutane suka fi saurin kawowa, kuma ina gane dalili. Kowa ya iya ta. Tun da can ana dasa ta a iyakar gonaki a ƙasar Kano da Katsina da Damagaram, ana yanka ta a yi zana, zana kuma kuɗi ce a kasuwa. Ana samun ta da iri ko da tsagin tushe, ta fi jema saurin cika ido, kuma tana jure fari ƙwarai. A bakin gaɓa can sama, inda aikin shi ne tare ruwan da ke gangarowa daga gona, gamba ta isa, har ma na fi son ta a wurin saboda tana biyan mai ita. Matsalar tana farawa ne idan aka sauko da ita ƙirjin gaɓa. Gamba 'yar tudu ce, ba ta jure daɗewa cikin ruwa. Tana zama tushe-tushe da rata a tsakani, ba ta haɗe layi ya toshe kamar jema. Shanu suna son ta, wanda alheri ne ga makiyayi amma jan kofato ne zuwa daidai wurin da kake lallaɓawa. Da rani kuma ta bushe ta zama makamashi. Mutanen arewacin Ostareliya sun ɗauke ta a shekarun 1930 don kiwo, yau tana cikin ciyayin da suka fi addabar su saboda irin gobarar da take haddasawa. A wurinmu yanka da kiwo suna rage mata ƙarfi, amma duk wanda ya ga wutar daji ta kama gamba ya san kada ya dasa ƙananan itatuwa a jikinta ya tafi ya bar su.

To ka ga ba kishiyoyi ba ne. Gamba a sama, jema a ƙirji.

Gindin gaɓa kuwa, inda ruwa ke kwana wata da watanni, akwai masu wurin. Kyauro yana kama yashi da kyau, shi ya sa kake ganinsa a tsibiran cikin kogi, sai dai yana yaɗuwa ta ƙarƙashin ƙasa, don haka a bar shi can ƙasa, kada a matso da shi kusa da kunya. Burugu, ciyawar nan ba burgu ɓera ba, yana tashi tare da ruwa yana tsawo yadda ruwan ke hawa, kuma abincin shanu ne na ƙwarai. A ƙasar Mali makiyayan bakin kogin Neja har dasa shi suke yi. Ya dace da gaɓa mai kwanciya da ruwa mai tafiya a hankali, ba wurin da igiya ke duka ba. Kiri-kiri kuma shimfiɗa ce kawai, tana rufe fuskar ƙasa tsakanin layuka, amma saiwarta ba ta da zurfin da za ta hana zaftarewa.

Biyu ne zan ce a guje su ko da kyauta aka kawo. Tofa tana riƙe ƙasa, gaskiya ne, amma ranar da ta shiga gonarka kai da ita sai 'ya'yanka sun gaji faɗan. Kacala kuwa a tambayi mutanen Hadeja da Nguru. Bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya daina yankewa da rani yadda ya saba a wasu rassan kogin, kacala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren su, ta zama masaukin jan-baki. Tsiro ya daɗe a ƙasa ba shi ne ke nuna ya dace da ko'ina ba.

Yanzu itatuwa, inda aka fi yin kuskure. Da an ce zaizayar ƙasa sai a ce a dasa bishiya, a kawo dashe cikin leda a jera a bakin gaɓa, a ɗauki hoto. Itace yana buƙatar shekara biyar ko fiye kafin saiwarsa ta yi wani aikin kirki, kogi kuwa ba ya jira. Kuma babban itace a daidai leɓen gaɓar da ake rarake gindinta nauyi ne a kanta: iska ta kaɗa shi, ya faɗi, ya tafi da ƙasar da ta fi wadda ya riƙe, gangar jikinsa kuma ta karkatar da ruwa ya daki wani wurin. Wurin itace yana baya, kuma a ganina tazararsa daga leɓe kada ta gaza tsayin gaɓar kanta. Amfaninsa na dogon zango ne. Manyan saiwoyinsa suna ɗaure ƙasa a faɗi, yana tsotse ruwan da ke sa gaɓa nauyi, kuma ranar babbar ambaliya irin ta 2012 ko ta 2022, lokacin da ruwa ya haura kan kowace ciyawa, kurmin bakin kogi ne ke rage masa ƙarfi kafin ya shiga gonaki.

A cikin na gida, giyayya da bagaruwa ne ke kan gaba, kuma zaɓi tsakaninsu ya danganta ga daɗewar ruwa da kuma abin da kake so ka samu. Giyayya ita ce sarauniyar wurin da ruwa ke kwanciya. Tana tsayawa cikinsa wata da watanni ba ta damu ba, tana fitar da rassa da yawa daga gindi guda, kuma idan an sare ta tana sake tohowa. Wannan halin ya sa ba ta yin nauyin da zai kayar da gaɓa, domin kana iya rage mata kai duk bayan 'yan shekaru ka samu itacen girki. Bagaruwa ita ma tana jure ambaliya, ta fi son ƙasa mai laka, ta fi saurin samuwa daga iri, ƙayarta tana kare ta idan ta ɗan tasa, ga 'ya'yanta da majema ke saye don jimar fata. Aibinta shi ne idan ta yi kurmi ba abin da ke tsirowa a ƙarƙashinta sosai, kuma ƙayar da ke korar akuya ita ce ke huda tayar kura da ƙafar yaro. Wurin da ruwa ke wuce wata biyu, giyayya. Wurin da yake hawa ya sauka cikin makonni, bagaruwa.

Baure, kanya da malmo duk 'yan bakin rafi ne, sai dai manya ne masu inuwa mai duhu, kanya kuma ga jinkirin girma. A ba su layin baya, nesa da jema. Gawo shi ne wanda manomi ba zai yi da-na-sani ba idan ya bar shi a cikin gonar kanta, tunda da damina yake zubar da ganye ya bar wa shuka rana, da rani kuma ya ba dabbobi 'ya'ya. Sau da yawa ma ba sai ka dasa komai ba. Dubi kututturan da ke tohowa a gefen gonarka kowace shekara kana sassabe su. Manoman Maradi tun shekarun 1980 suka koma zaɓar toho ɗaya ko biyu a kowane kututture suna reno, kuma ta haka miliyoyin kadada suka sake yin itace a Nijar. Kututturen giyayya ko kalgo da ke da tsohuwar saiwa a ƙasa ya riga dashen leda da shekaru.

Dogon-yaro da turare fa? Su ne suka fi yawa a wuraren reno, shi ya sa ake ta dasa su. Dogon-yaro ɗan Indiya ne, gwani a tudu da bakin titi, amma ba ya son ƙafarsa cikin ruwa. Turare ɗan Ostareliya ne, yana jure ruwa, yana ba da sandunan gini da wuri, sai dai yana shan ruwa da yawa, yana hana ciyawa tashi a gindinsa, ga tsawo da ke sa iska ta yi wasa da shi. Wanda ke son azara ya dasa shi can baya. Gora kuma tamu ce, tana kyau a inda ruwan sama ke da yawa kamar kudancin Kaduna da Neja da Taraba, amma saiwarta ba ta nisa ƙasa, don haka a doguwar gaɓa ruwa yakan bi ta ƙarƙashinta ya kifar da tushen gaba ɗaya.

Akwai inda tsiro kaɗai ba zai iya ba, kuma gara a faɗa. Idan gaɓarka tsaye take kamar bango, ba abin da zai kama a jikinta sai an kwantar da ita: kowace mita guda ta tsayi a ja baya mita biyu. Gaɓa mai tsayin mita 2 ke nan za ta ci maka mita 4 na gona. Da ciwo, amma kogin zai karɓi fiye da haka ba tare da ya tambaye ka ba. Idan kuma kana bayan lanƙwasar babban kogi, ruwa yana haƙa ƙasa da inda kowace saiwa za ta kai, to gindin yana buƙatar dutse, ko jibgaggen dutse ko na cikin kwandon waya, sannan jema ta hau daga samansa. Kwandon waya ya fi bangon siminti dacewa da irin wannan wuri, saboda yana barin ruwan cikin ƙasa ya tsiyaye kuma yana lanƙwasawa idan ƙasa ta motsa, siminti kuwa da an rarake ƙarƙashinsa sai ya tsage ya kife. Buhunan yashi na gaggawa ne, rana tana cinye su cikin 'yan watanni. Bambancin da ke tsakanin dutse da tsiro shi ne dutse yana aiki tun ranar farko yana kuma tsufa, tsiro kuwa ba ya tsinana komai a watannin farko amma kullum ƙara ƙarfi yake. Inda gidaje ko gada ko makabarta ke bakin gaɓa, ba a jira ciyawa. Wannan aikin injiniya ne da hukuma, irin wanda NEWMAP, shirin gwamnati na yaƙi da zaizayar ƙasa, ya yi daga 2012, da kuma shirin ACReSAL da ya biyo bayansa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Mai gona a bakin ƙaramin rafi kuwa ba ya buƙatar jiran kowa: fartanya, gayya guda, da jema.

Abin da ya fi kashe irin wannan aiki ba ruwa ba ne, baki ne da kofato. Gaɓar da ka dasa ita ce kore ɗaya tilo a watan Maris, kowace akuya a garin ta san da ita. Shingen ƙaya na shekarar farko dole ne. Kuma idan akwai mashaya a wurin, kada ka toshe ta, domin shanu sai sun sha ruwa, za su kuma buɗe wata hanyar ta cikin dashenka. A zauna da mai unguwa da arɗo a tsayar da wuri guda, a kwantar da shi, a zuba masa tsakuwa ko marmara, a bar shi a buɗe. Maƙwabcinka na sama da na ƙasa su ma a jawo su, saboda ruwa yakan zagayo ta ƙarshen layin da ya tsaya a iyakar gona ya ci shi ta baya.

Saura lokaci, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Gamba da itatuwan sama a dasa su da faɗuwar damina, cikin Yuni ko farkon Yuli, idan ruwa ya zauna. Jemar ƙirji da gindi kuwa sai ambaliya ta janye, Oktoba zuwa Nuwamba, ƙasa tana da danshi; mai noman rani ya riƙa juya mata tiyo idan yana ban ruwa, ta samu wata bakwai ko takwas tana kafa saiwa kafin kogi ya dawo. Bayan ambaliyar farko a bi layi a cike duk gurbin da ya ɓalle, a datse ganyen zuwa gwiwa don ta ƙara 'ya'ya. Irin bagaruwa kuma ɓawonsa tauri gare shi, sai an jiƙa shi a ruwan zafi ya kwana kafin a shuka. In kana kiwon awaki ma an rage maka aiki: ba su 'ya'yan su ci, ka kwashi takin turken, irin da ya bi ta cikinsu ya riga ya shirya tsirowa.